Tambaya da Amsa: Ya dace ɗan wasa ya sauya kujera alhali mota tana tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne muke buga PUBG Mobile, wasan harbe-harbe na waya, tare kusan kowane dare, kuma wata gardama ta shiga tsakaninmu har ta sa ɗayanmu ya yi kwana uku bai shigo ba. Abin da ya faru shi ne, an riga an kashe mana mutum ɗaya, mu ukun da muka rage muna cikin mota ƙirar Dacia muna gudu domin mu shiga da'irar tsira kafin ta rufe, sai direbanmu ya hango abokan gaba biyu a gindin wata bishiya. Bai ce wa kowa uffan ba, ya saki sitiyari ya koma kujerar baya wadda babu kowa, ya leƙo ta taga ya buɗe wuta. Ya kayar da ɗaya, amma motar da ba ta da matuƙi ta je ta daki dutse ta tsaya a fili, na biyun kuwa ya yi ta ɓarin wuta a kanta har ta fashe da mu duka. Shi yana cewa abin da ya yi gwaninta ce, kuma haka ƙwararru suke yi. Ni kuma ina ganin ya kamata masu ƙera wasan su cire sauya kujera gaba ɗaya, tunda a zahiri babu mai yin haka. Wane ne yake da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya yi kuskure a wannan daren, kuma ya kamata ya amsa laifinsa, amma maganin da kai ka kawo bai dace da ciwon ba. Idan aka cire sauya kujera baki ɗaya, ku ɗin nan da kuke zaune a matsayin fasinjoji ku ne za ku fi kowa cutuwa, kuma zan fara da wannan kafin in dawo kan abokinka.

Ka ɗauka a wannan tafiyar taku direban aka harbe, motar tana tsakiyar gudu a kan gangara, kai kana kujerar mai zaman banza, ɗan'uwanka yana baya. Motar ba za ta tsaya nan take ba, za ta ci gaba da gangarawa da ƙarfin gudun da ta ɗauko, kuma ka san a wannan wasan wanda ya diro daga mota mai gudu yakan ji mummunan rauni, wani lokaci ma faɗuwar ce take gamawa da shi. Idan babu damar matsawa zuwa kujerar direba daga ciki, abin da ya rage maka shi ne ka zauna kana kallo har motar ta tsaya da kanta a inda ta ga dama, sannan ka fita ka zagaya ta gabanta ka sake shiga, duk a kan idon wanda ya harbe direbanku, wanda har yanzu bindigarsa tana kanku. Da damar sauya kujera kuwa, taɓawa ɗaya za ka yi ka kama sitiyari, ka karkatar da motar bayan tudu, ku tsira. Wannan shi ne asalin amfanin abin, kuma ban ga hujjar da za ta sa a hana shi ba.

An taɓa gwada tsarin da kake nema, kuma an daɗe a kansa. A wasan Halo na farko, wanda ya fito a 2001, motar yaƙin da ake kira Warthog tana da mazauni uku, na direba, na fasinja a gefensa, da na mai babbar bindiga a baya, kuma duk wanda yake son ya bar ɗaya ya koma ɗaya dole ne ya sauka ƙasa ya sake hawa. Direban ba shi da makami a hannunsa, iyakarsa tuƙi da banke wanda ya tsaya masa a hanya, saboda haka motar ba ta zama abin tsoro sai mutum biyu sun haɗu a kanta. Wannan tsari ya koya wa mutane da yawa daɗin aiki tare, domin direba nagari yana tuƙi ne yana tunanin inda mai bindigarsa zai samu sarari, ya zagaya abokan gaba maimakon ya kutsa cikinsu. Duk da haka, sai da aka kai Halo 5 a 2015 aka ba da damar sauya kujera ba tare da sauka ba, kuma motar ba ta daina buƙatar mutum biyu ba saboda wannan canjin. Abin da ya ragu shi ne yawan mutuwar banza da ake yi a tsakanin sauka da hawa.

Inda matsalar take shi ne farashin sauyawar. Masu tsara wasa ba don ado suke raba mota kujera-kujera ba, suna raba ƙarfinta ne a tsakanin mutane da gangan: wannan ya riƙe motsi, wancan ya riƙe wuta, wani kuma ya riƙe ido. Mota mai gudu da sulke da bindiga ta fi ƙarfin mai tafiya a ƙasa nesa ba kusa ba, kuma abin da yake daidaita lamarin shi ne tana cin mutum biyu ko uku daga cikin tawaga, waɗanda da suna ƙasa da sun yi wani aikin. Idan mutum ɗaya zai iya yin tsalle daga kujera zuwa kujera cikin ƙiftawar ido, ba tare da ya yi asarar komai ba, to ya karɓi ƙarfin mutum biyu a kan kuɗin mutum ɗaya, kuma rabon da aka yi tun farko ya rushe. Saboda haka tambayar da nake yi wa kowane wasa ita ce: wanda ya sauya kujera, me ya bari a baya, kuma na tsawon wane lokaci?

Idan aka auna PUBG da wannan ma'auni, ba na ganin wasan ya yi laifi a abin da ya same ku. Abokinka ya biya farashi, kuma farashi mai tsada: daga lokacin da ya bar sitiyari motar ta rasa mai juya ta, ta rasa mai taka mata birki, gudunta ya fara raguwa, kuma tafiyarta ta zama miƙaƙƙiya wadda kowane maharbi zai iya lissafa inda za ta kai. Gaskiya ne ƙwararru suna yin wannan dabarar, amma ka lura da lokacin da suke yin ta. Galibi mutum yana shi kaɗai ne a motar, hanya shimfiɗaɗɗiya ce babu dutse babu bishiya a gabansa, ya riga ya saita hancin motar inda yake so, ya yi harbinsa na sakan biyu ko uku ya koma mazauninsa. Wanda yake shi kaɗai da ransa yake caca, kuma wannan haƙƙinsa ne. Abokinka kuwa yana ɗauke da mutum biyu waɗanda hannayensu suke sake, kowannensu yana iya leƙawa ta taga ya yi harbin da shi ya bar tuƙi domin ya yi. Motarku ba ta rasa maharbi ba a lokacin, maharba biyu gare ta, direba ne guda ɗaya tak, shi kuma ya tashi ya bar gurbinsa. Da ya ce muku ga mutane a dama a gindin bishiya, ya rage gudu kaɗan ya ba ku gefen da ya dace, da bindiga biyu ne za su yi aiki a maimakon ɗaya, kuma motar tana hannu.

Batun cewa a zahiri ba a yin haka, ban ɗauke shi hujja mai ƙarfi ba. A zahiri ma mutum yana iya tsallakawa daga gidan baya zuwa gidan gaba, sai dai da ƙyar da jan jiki, kuma wasan da ake ɗaure raunin harsashi da bandeji a miƙe a ci gaba da gudu bai yi alkawarin bin zahiri sau da ƙafa ba. Abin da ya fi dacewa a duba shi ne adalci ga wanda yake ɗaya ɓangaren, wato ko yana iya ganin abin da kake yi, kuma ko yana da lokacin da zai mayar da martani. Da ni ake tambaya, da na ce a bar sauya kujera a ƙananan motoci, amma a sa ta ɗauki kamar sakan ɗaya ko biyu, a ga jikin mutum yana matsawa daga wannan mazauni zuwa wancan, kuma harsashi ya iya samunsa a tsakani. Wannan ɗan jinkirin ba zai hana fasinja ceton motar da direbanta ya faɗi ba, amma zai sa mai niyyar barin sitiyari domin harbi ya sake tunani.

Kafin masu wasan su canza wani abu, ku akwai abin da za ku iya gyarawa a daren yau. Ku tsayar da direba ɗaya kafin a shiga mota, ku amince cewa ba ya barin kujerarsa matuƙar akwai fasinja mai rai, sai fa idan ya faɗa da baki kuma wani ya amsa cewa ya karɓa. Ku kuma san wanda zai gaje shi idan ya faɗi, domin sau da yawa mutum biyu sukan danna a lokaci guda, ko kuma kowa ya jira ɗan'uwansa har motar ta tsaya. Tunda wasan yana ba da damar jera madannai yadda mutum yake so a fuskar waya, ku nisanta madannin sauya kujera daga na fita, saboda babban yatsa a lokacin firgici ba ya bambance maƙwabta. Shi kuma abokin naku ku kira shi ya dawo, ku nuna masa cewa dabarar tasa tana da wurinta a ranar da ya rage shi kaɗai.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mace ce mai buga Battlefield a kwamfuta, kuma kujerar mai harbi a jirgin yaƙi mai saukar ungulu ita ce na fi ƙwarewa a kai. Abin da yake ba ni haushi shi ne in tsaya a sansani ina jiran jirgi, wani ya zo ya shige ya tashi shi kaɗai ina tsaye a gefensa, sai daga baya in ga yana tuƙi yana komawa kujerata yana harba makami mai linzami yana dawowa. Na yi masa magana ya ce shi kaɗai ya fi mu biyu amfani. Shin wannan ba maguɗi ba ne?

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa. Maguɗi a ma'anar karya dokar wasa ba shi ne ba, domin bai sa wata manhaja ta ɓoye ba, bai kuma yi amfani da wata ɓaraka ba, madannan da aka ba kowa su ya danna. Amma a nan ina tare da ke, kuma a nan ne nake ganin sauya kujera nan take ta fi yin ɓarna.

Dabarar tsohuwa ce. Jerin wasannin Battlefield, waɗanda kamfanin DICE na ƙasar Suwidin ya fara da Battlefield 1942 a 2002, sun saba barin mai kwamfuta ya zaɓi kujera da madannan F1, F2 da na bayansu, kuma sauyawar ba ta ɗaukar lokaci. A Battlefield 2 na 2005 an ba mai harbi a jirgin makami mai linzami wanda yake da kyamara a hancinsa, mai harbin yana bin sa da ido yana juya shi har ya kai ga abin da aka nufa, kuma an ajiye wannan makamin a kujera ta biyu ne domin kada matuƙi ya haɗa shi da tuƙi. Sai masu wayo suka gano cewa idan suka yi sama sosai suka daidaita jirgin, suna iya danna F2 su harba, su raka makamin na 'yan sakanni jirgin yana zamewa ƙasa babu kowa a kan tuƙi, sannan su danna F1 su cafe shi kafin ya faɗi. Ba zan hana su yabon da suka cancanta ba, abin yana buƙatar hannu da natsuwa. Sai dai farashin da suke biya ƙarami ne idan aka kwatanta da na mai mota, domin sararin sama ba shi da dutse ba shi da bishiya, tsayin da suka tara shi ne yake saya musu lokaci, abin da suke samu kuwa makami ne da yake iya tarwatsa tanka ko wani jirgin.

Ko da an ajiye lissafin ƙarfi a gefe, akwai haƙƙinki da aka danne. Jiragen nan ƙidayayyu ne a kowane fage, tawaga mai mutum talatin da biyu tana iya samun guda ɗaya tak, kuma kujera ta biyu rabon wani ne daga cikin tawagar. Wanda ya tashi ya bar ki a ƙasa ya cinye rabon mutum biyu. Maganarsa cewa ya fi ku biyu amfani ma ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin a duk sakan ɗin da yake kallon kyamarar makami babu mai kallon bayansa, babu mai kauce wa abin da aka harbo masa, alhali jirgi mai mutum biyu yana harbi yana kaucewa a lokaci guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma haka aka gina ainihin jiragen: Apache na sojan Amurka mazauni biyu gare shi a jere, mai harbi a gaba matuƙi a baya, kowa a rufe a nasa gurbin, babu hanyar tsallakawa a sama. Tankar yaƙin Amurka ta Abrams mutum huɗu take ɗauka, kwamanda, mai harbi, mai ɗura harsashi da direba, kuma direban yana can ƙasa a gaba a kishingiɗe, nesa da igwar. T-72 ta Rasha ta rage zuwa uku ne kawai saboda tana da na'urar da take ɗura harsashi da kanta.

Wasu wasannin sun ɗauki wannan da muhimmanci. A Hell Let Loose, wanda aka gina a kan Yaƙin Duniya na Biyu da mutum hamsin a kowane ɓangare, tanka tana da direba, mai igwa da mai duba hanya, direban ba ya harba igwa, kuma matsawa daga gurbi zuwa gurbi tana ɗaukar lokacin da mutum zai zauna yana jira tankarsa tana tsaye kamar dutse. A Squad ma akwai wannan jinkirin, an kuma ƙara da cewa sai mai kayan ma'aikacin sulke ne zai tuƙa irin waɗannan motoci, sannan sai shugaban rukuni ya amince kafin a ɗauke su daga sansani. A wasannin biyu, da yawa daga cikin masu kula da sabar, wato kwamfutar da 'yan wasa suke haɗuwa a kanta ta intanet, sun rubuta a dokokinsu cewa ba a yarda mutum ɗaya ya fita da tanka ba, wanda ya ƙi ji kuma su fitar da shi. Red Orchestra 2 na 2011 ya bi wata hanyar da nake sha'awa ƙwarai, inda aka zana cikin tankar gaba ɗaya, kana ganin jikinka yana rarrafawa daga gurbi zuwa gurbi idan za ka maye wanda aka kashe. A duk waɗannan ba a hana sauyawa ba, an dai sa ta yi nauyi daidai da abin da kujerar take bayarwa.

Dole in faɗi uzurin da masu tafiya su kaɗai suke da shi, domin ba dukansu ne masu son kai ba. Wani ya sha ɗaukar baƙon da ba ya magana, ba ya jin magana, yana harbin iska yana tona asirin inda suke, ko direban da zai kai tanka tsakiyar abokan gaba ya fice ya bar ta. Wani kuma yana wasa ne a lokacin da mutane suka yi ƙaranci, babu wanda zai hau tare da shi ko ya jira. Ga irin waɗannan, sauyawa mai jinkiri ta wadatar, tana ba su damar kai tanka inda ake bukata su tsaya su yi harbi daga nesa, ba tare da sun yi daidai da cikakkiyar tawaga ba. Wanda kuma yake son ya riƙe komai a hannunsa yana da wasannin da aka gina domin haka, irin su World of Tanks da War Thunder, inda kowane ɗan wasa shi ne direba shi ne mai igwa, kuma kowa a fagen haka yake. Amma wanda ya ga mai harbi tana tsaye tana jira ya tashi ya bar ta, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan uzurori. Shawarata gare ki ita ce ki nemi matuƙi ɗaya ko biyu da kuka saba, ku riƙa shiga rukuni ɗaya da makirufo a buɗe, ki kuma fifita sabar da suke da masu kula da doka.

Tambaya: Malam, sau biyu ina saita kan direba da bindigar harbin nesa, in harba, in ga babu abin da ya same shi, sai in gan shi a wata kujerar. Matsalar intanet ɗina ce ko kuwa dabara ce?

Amsa: Tana iya zama kowacce, kuma sau da yawa haɗuwa suke yi. A wasan da sauyawa ba ta ɗaukar lokaci, jikin ɗan wasa yana ɓacewa daga wannan mazauni ya bayyana a wancan ba tare da ya ratsa tsakaninsu ba, kuma wasu suna yin haka da gangan da zarar sun ji harsashin farko ya wuce. Harsashin bindigar nesa a wasanni irin PUBG da Battlefield yana ɗaukar lokaci kafin ya isa, sannan abin da kake gani a allonka ya riga ya tsufa da ɗan abin da saƙo ya ɗauka daga na'urarsa zuwa sabar, daga sabar zuwa taka. Idan aka haɗa waɗannan biyun, kana iya harbin kujerar da mai ita ya riga ya bari. Wannan yana cikin dalilan da suka sa na ce a riƙa nuna motsin jiki a lokacin sauyawa. Kafin nan, idan ka lura mutum yana yawan tsalle a cikin mota, ka daina bin kansa. A PUBG tayoyi suna fashewa, saboda haka ka harbi ta gaba, ka jira motar ta rage gudu, kuma ka tuna cewa duk lokacin da ya bar sitiyari motar miƙewa za ta yi, sai ka saita gabanta kaɗan ka jira shi a inda za ta tsaya.